Faɗana da Mai Kwat a Canal Street

Ko tsufa ya sa na manta lambar gidanmu, ba na jin zan manta da ranar da na tsaya a gefen Canal Street, cikin babbar rigar Sallah, ina zazzaga wa wani bawan Allah masifa, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Har gobe in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe, kada ku zaci da rana tsaka kawai na zare.

Ni Bakano ne, ina aikin gwajin jini a wani asibiti a Manhattan, cikin birnin New York. Gidanmu a unguwar Stapleton yake, a tsallaken ruwa, saboda haka kullum sai na bi ta tashar St. George na hau jirgin ruwa, safe da yamma. Matata Saude aikin kula da tsofaffi take yi, gida-gida. 'Yarmu ɗaya, Ummi, wadda in ka yi mata Hausa sai ta gyaɗa kai ta ba ka amsa da Turanci. Zamanmu lafiya lau, ba mai jin kanmu, har Allah ya haɗa Saude da wata tsohuwar Baturiya wadda ba ta da aiki sai kallon wani shirin talabijin na Ingila. Tare suke kallo kullum. Da tsohuwar ta rasu, 'ya'yanta suka tattara faya-fayan shirin kaf suka ba Saude don ta riƙa tunawa da uwarsu. (Mutanen kirki ne, na sani, amma na daɗe ban yafe musu ba.) Haka fitina ta shigo gidana a cikin kwali.

Shirin na wani ɗan sanda ne mai bincike, a wani ɗan gari na bakin teku inda kullum ruwa ake yi, kullum kuma sai an tsinci gawa. Wanda ke fitowa a ɗan sandan dogo ne, da 'yar furfura a gefe, ga murya ƙasa-ƙasa, ga wata doguwar kwat ruwan ƙasa da ba ya rabuwa da ita. Ba zan faɗi sunansa ba, tallan da aka yi masa a falona ya ishe shi. Saude "Sufeto" take ce masa, sai ka ce wani ɗan uwanta. Ni kuwa Mai Kwat nake ce masa, shi ma in na ga dama.

Da farko ban ɗauki abin a bakin komai ba. Mace ta dawo aiki a gajiye, ta yi girki, ta zauna ta yi kallo, meye laifi? Amma sai na fara lura da yadda take kallon. Ba ta taɓa waya, ba ta tashi ko da tukunya za ta kama. Wani lokaci sai in ji ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Kai, Sufeto akwai hankali." Ni da na yi shekaru ina kawo cefane gidan nan, ba a taɓa cewa akwai hankali ba. Sai kuma ta juyo ta ce, "Baban Ummi, don Allah zo ka ga wannan wurin kawai." Ni kuma daga teburin cin abinci, ido a kan waya, sai in ce, "Ni ba ni da lokacin kallon ƙarya."

Ba zan ɓoye muku ba, kishi nake yi. Kishi na gaske, irin mai hana abinci wucewa. Na sani sarai mutumin yana can wata duniya, bai ma san an halicce ni ba, amma zuciya ba ta jin wannan bayanin. Abin da ke cina shi ne a ce a idon Saude akwai wani namiji da ya fi ni, ko da kuwa a cikin akwatin talabijin yake. Na gwada 'yan dabaru. Na taɓa ɓoye faifai ɗaya a bayan firij, ta neme shi har ta gaji, ƙarshe ta zauna ta ba Ummi labarin abin da ke cikinsa da ka, tana kwaikwayon muryarsa. Washegari na mayar da faifan inda na ɗauko.

To, da mai hankali ne, da sai ya zaunar da matarsa su yi magana. Ni sai na shiga bincike. Na ce ba yadda za a yi ɗan Adam ya rasa aibu, sai na tono nasa. Kullum in na hau jirgin ruwa, baƙi suna can bakin ƙarfe suna ɗaukar hoton mutum-mutumin nan mai riƙe da fitila, ni ina kan benci ina shafa waya ina karanta tarihin Mai Kwat. In na dawo gida in ɗora daga inda na tsaya. Saude za ta zo ta zauna tana ba ni labarin tsohon da take kula da shi, yadda ya ƙi shan magani, yadda ɗansa ya yi mata magana marar daɗi, ni kuwa ina "uhm, uhm, Allah ya kyauta," alhali ina can wani gari a Ingila.

Na kuwa samo abubuwa. An haife shi a wani garin masaƙu a arewacin Ingila. Ubansa direban bas ne, uwarsa tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Bai yi nisa a karatu ba, ya koma dakon akwatunan kifi a kasuwa. Daga nan ya bi wasu 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari, suna kwana a cikin mota. An taɓa korarsa daga wani gidan wasa saboda barci ya kwashe shi a bayan labule har lokacin fitowarsa ya wuce. Da ya samu shiga talabijin, gawa ya fara fitowa a wani shirin asibiti: ya kwanta, a lulluɓe shi, a sallame shi. Ya yi tallan sabulun wanki. Ya zo Amurka neman sa'a, suka sa shi ya fito a mugu, aka harbe shi tun kafin 'yan kallo su gama zama. Aure biyu ya yi, duk sun mutu. Sai da ya manyanta sannan Allah ya kawo masa Sufeto. Abin da ya fi yi mini daɗi kuwa, gashin nan mai furfura ba nasa ba ne.

Har wata tsohuwar hira ta rediyo na tono, inda yake cewa aikin da ya fi so a rayuwarsa wani wasa ne da ya yi shi kaɗai, a wani ɗan ɗaki a saman gidan giya. Ya fito a tsohon direban bas ranar da zai ajiye aiki, 'yan kallo ba su cika benci biyu ba. Na saurari hirar har ƙarshe, na sake maimaitawa. (Don neman aibu, kun gane. Ba wai ta yi daɗi ba.)

Ina kawo wa Saude labaran nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai kawo tsaraba. "Kin san Sufeton naki da gawa ya fara?" Sai ta ce, "Allah sarki, ashe ya sha wuya kafin ya samu." In ce, "Kin san mata biyu ya rabu da su?" Ta ce, "Wa ya sani ko su ne ba su yi haƙuri ba." Ranar da na faɗa mata zancen gashi, ina jiran in ga ta yamutsa fuska, sai ta kalli kaina (wanda shi ma ya fara haske a tsakiya) ta ce, "To ai sanƙo ba laifi ba ne, ko?" Duk abin da na tono sai ya ƙara masa daraja.

Har kwat na saya. I, na saya. Doguwa, ruwan ƙasa, a wajen wani maƙwabcin abokina Isufu. Shi Isufun mutumin Maraɗi ne da ke sayar da jakunkuna a Canal Street. Na shigo gida da ita a tsakiyar zafin watan Yuli, na tsaya bakin ƙofa ina gyara wuya. Saude ta taso da sauri ta taɓa goshina ta ce, "Zazzaɓin ne ya dawo?" Na ce a'a, gwadawa nake. Kwat ɗin tana nan a ƙasan akwati har yau.

Isufun nan ne dai ya kawo labarin da ya ƙarasa ni. Wata Lahadi suka zo mana ziyara shi da matarsa Hajiya Rabi, ana cin tuwo, sai ya ce, "Mon ami, abokina, ka ji 'yan fim za su rufe layinmu sati mai zuwa? Wai suna biɗar matan Afirka da za su tsaya kamar 'yan kasuwa. Hajiya ta ba da sunanta." Hajiya Rabi ta karɓe zancen, ta ce fim ne na wani ɗan sandan Ingila da ya biyo ɓarawo har New York. Ta faɗi sunan ɗan wasan. Ludayin miya ya kusa suɓuce wa Saude.

Da baƙi suka tafi ta same ni. "Baban Ummi, in ka yarda ina so in bi Hajiya. In ba ka so, wallahi na haƙura." Ga dama ta samu in faɗi abin da ke raina. Amma sai girman kai ya ce, kai da ke aiki da likitoci, a ce kana kishi da ɗan fim? Na yi wata dariya da ni kaina ban yarda da ita ba, na ce, "Je ki mana, meye a ciki?" Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Haba Maman Ummi, ni da wannan tsohon?" Ta yi ta godiya, ni kuma abinci ya daina yi mini daɗi har satin ya zagayo.

Ranar, tun da safe ta goge atamfarta shuɗiya, wadda take ajiyewa don suna da biki, ta yi ta ɗaurin ɗankwali tana kwancewa. Rabon da in gan ta cikin murna haka har na manta. Na ce mata ni ina da aiki. Tana fita na buga waya asibiti na ce ba na jin daɗi (ba ƙarya na yi ba sosai). Sannan na tsaya gaban durowa ina tunanin abin da zan sa. Na yanke shawarar in je da cikar kamala, ya ga cewa mijinta ba ƙaramin mutum ba ne. Na ciro babbar rigata ta shadda mai aiki har ciki, na kafa hula, na yi wanka da turare. A kan jirgin ruwa iska ta riƙa cika rigar tana ɗaga ta, har wasu 'yan yawon buɗe ido suka bar mutum-mutumi suka koma ɗaukata hoto.

Niyyata in tsaya daga nesa in sa ido, shi ke nan. Da na isa na tarar an tare wani layi da ke fita daga Canal Street, ga manyan motoci, ga wayoyin lantarki a ƙasa ko'ina, ga fitilu a kunne da rana tsaka. An jera tebura an zuba kaya kamar kasuwar gaske. Jama'a sun taru bayan shinge suna leƙe. Ina kutsawa gaba sai wata mata mai rediyon hannu a kafaɗa ta hango ni, ta kalli rigar daga sama har ƙasa, ta ce da Turanci, "Ka makara. Amma kayan sun yi kyau, shiga da sauri." Ta ɗage igiya. Ashe ta ɗauka ina cikin waɗanda aka ɗauko su cika kasuwa. Rigar da na sa don a ga girmana, ita aka ɗauka kayan wasa. Ni kuwa na shige.

Can na hango Saude. An tsayar da ita bayan teburin lemo, a tsakiyar wurin, inda duk fitilun suka haska. A gabanta kuwa, ya ba ni baya, ga dogon mutum cikin doguwar kwat ruwan ƙasa. Ko daga barci aka tashe ni na san kwat ɗin nan.

Na laɓe bayan wata rumfar jakunkuna ina kallo. Ya miƙa hannu, ta ba shi lemo. Ya mayar mata. Ya sake miƙa hannu, ta sake ba shi. Ya faɗi wata magana, ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Na duba kamara, ba kowa a bayanta. Mutane sai kai-kawo suke, wannan yana jan fitila, wancan yana gwada nisa da tef. Wato ba a ma fara ɗauka ba. To in ba a fara ba, me ya tsayar da shi gaban matata yana karɓar lemo yana mayarwa? Duk matan da ke wurin, ga Hajiya Rabi can an ajiye ta bayan tulin huluna, sai tawa? Da ya sake miƙa hannu, ban san lokacin da ƙafafuna suka ɗauke ni ba.

Na tsaya a bayansa, na tattara hannun riga na aza a kafaɗa, na ciro Turancin da nake ajiyewa don manyan likitoci.

"Malam, wannan matar aure ce. Ni ne mijinta."

Bai juyo ba. Saude ta zaro ido, lemon hannunta ya suɓuce ya gangara. Rashin juyowar nan ya ƙara tunzura ni, na ce wato har da raini.

"Kada ka zaci ban san ka ba," na ce. "Na san ka ciki da bai. Kai ne ɗan direban bas, mai dakon kifi. Kai aka kora saboda barci a bayan labule. Da gawa ka fara, kana kwance ana lulluɓe ka. Ka yi tallan sabulu. Amurkar nan ma ka zo, suka harbe ka tun fim bai yi nisa ba. Mata biyu sun tafi sun bar ka. Wasan da kake taƙama da shi, na tsohon direba a saman gidan giya, mutum nawa suka zo? Benci biyu bai cika ba. Gashin kanka ma ba naka ba ne."

"Baban Ummi," in ji Saude a hankali, da Hausa, "don girman Allah ka rufa mana asiri."

Ina, na riga na yi nisa. Na kama kafaɗar kwat na juyo da shi.

Wani mutum ne da ban taɓa gani ba, fuska duk ɗigo-ɗigo, da ɗan kunne a kunne ɗaya, na girme shi nesa. Ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Yallaɓai, ni an ce kada in motsa daga nan." Ya nuna mini wani ɗan tef da aka manna a ƙasa, daidai ƙafarsa.

Abin da duk karatuna bai koya mini ba ke nan. Ashe manyan 'yan wasa ba sa tsayuwa a rana ana gyaran fitila. Akwai wanda ake ɗauka mai irin tsawonsu, a sa masa irin kayansu, ya tsaya a wurinsu ya yi ta maimaita motsin har a gama saiti, sannan a kira shi kansa gogan. Wannan bawan Allah sana'arsa ke nan, tsayuwa. Maganar da ya faɗa har Saude ta yi dariya kuwa, daga baya na ji, cewa ya yi yunwa yake ji, saura kaɗan ya ɓare lemon.

Na ɗaga kai, sai ga wani abu mai gashi-gashi a bakin doguwar sanda yana reto daidai saman hulata. Makirufo ne, ana cikin gwada shi. Duk wanda ke da abin ji a kunne a layin nan ya ji ni tas, har da zancen gashi. Daga bayan shinge na jiyo muryar Isufu, "Mon ami, mi kake yi nan?" Wasu ƙarti biyu masu baƙaƙen riguna suka nufo ni.

Sai wata murya ta ce, "Ku dakata." Muryar nan ce ƙasa-ƙasa, wadda na sha jiyowa daga falona.

Na waiwaya. A inuwar wata mota, kan kujerar naɗewa, ga wani dattijo zaune da kofin shayi a hannu, ƙafa ɗaya a kan akwati, kai fes ba gashi ko ɗaya. A gefensa wata mata tana taje gashin Sufeto a kan wani kan roba. Ya miƙe da kyar, ya tako yana ɗingishi har gabana. Na ce yau kam sai ofishin 'yan sanda, na fara tunanin wanda zai ɗauko Ummi daga makaranta.

Ya dube ni ya ce, "A ina ka ji labarin wasan direban?"

Na ce a wata hirar rediyo.

"Kullum 'yan jarida kwat da gashi suke tambayata," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa tuna mini wannan wasan. Don babana na yi shi, shekarar da ya rasu. A garinmu."

"Ba a garinku ba ne," na ce. Wallahi bakina ne ya faɗa, ba ni ba. "A garin da ke gaba ne, na bakin ruwa. Na garinku sun hana ka ɗaki."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Gaskiyarka." Sai ya juya wajen jama'a ya ɗaga hannuna sama kamar na ci dambe, ya ce, "Ku zo ku ga babban masoyina a duk Amurka." Aka fashe da dariya, aka hau tafi. Ya rungume ni da babbar riga da komai, har shayinsa ya zubo mini a kan aikin wuya. Wayoyi suka tashi sama. Ni da na zo kare mutuncin gidana, ga ni a ƙirjin Mai Kwat ina ta yaƙe.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya ce, "To faɗa mini, a duk shirin Sufeto wane kashi ka fi so?"

Na buɗe baki. Na san sunan makarantar firamarensa, na san unguwar da bas ɗin ubansa ke bi, amma ko sunan matar Sufeto ban sani ba. Na ce, "Wanda aka tsinci gawar nan." Ya ce, "Ai a duka ana tsintar gawa."

"Bai taɓa kallon ko ɗaya ba," in ji Saude, da Turancinta mai sanyi. Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi.

Dattijon ya miƙa wa wani kofin shayinsa, ya juya gaba ɗaya ya fuskance ta, ya tambaye ta sunanta. Ta faɗa. Ya ce zai ji daɗi in ta tsaya aka yi fitowar lemon da ita. Ta yi masa godiya, ta ce ta ji daɗin ganinsa, amma ita gida za ta. Ta kwance ɗan ƙyallen da aka ɗaura mata a ƙugu, ta ninke, ta ajiye a kan lemo. (In kun taɓa ganin fim ɗin, matar da ke miƙa wa Sufeto lemo Hajiya Rabi ce. Har yau da wannan take gabatar da kanta a gidan biki.)

Na bi Saude har muka shiga jirgin ruwa. Ta zauna bakin taga, ni na raɓa gefenta da tabon shayi a ƙirji. Na yi gyaran murya na ce, "Maman Ummi, ai kin san sharrin shaiɗan."

"Bar shaiɗan ya huta," ta ce. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Duk wannan karatun, yaushe ka yi shi?"

Na ce a jirgi. Ta ci gaba da kallona. Na ce da gida, wani lokaci.

"Wato duk sanda nake zaune ina ba ka labarin abin da na wuni ina sha, kana 'uhm, uhm' kana shafa waya, shi kake karantawa."

Na sunkuyar da kai.

"Ka san me nake kallo a shirin nan? Ba kwat ba ce, ba gashi ba ne. In ya dawo gida, komai gajiyarsa, da matarsa ta buɗe baki sai ya ajiye kofin hannunsa ya juyo ya dube ta har ta gama. Shi ke nan. Wurin da nake ta kiranka ka zo ka gani ke nan, don na kasa faɗa maka da bakina." Ta mayar da fuskarta ga taga. "Ni ko garin da aka haife shi a bakinka na ji. Kai ne ka damu da shi, Baban Ummi. Ni da kai na damu."

Duk dariyar da aka yi mini a Canal Street ba ta yi mini ciwo kamar wannan maganar ba. Kunya ta gaske a nan na ji ta, ba kowa sai mu biyu. Wayata ta yi ƙara a aljihu, hannuna ya tafi da kansa, sai na tuna, na dawo da shi kan gwiwa. Ta gani.

Kafin mu sauka a St. George bidiyon ya riga mu isa Stapleton (aikin Isufu ne, Allah ya saka masa daidai aikinsa). Juma'ar da ta biyo baya, a ƙofar masallaci, wani Alhaji ɗan Kumasi da ban taɓa wasa da shi ba ya kama hannuna ya ce, "Masoyin Sufeto, yaya gajiya?" Sunan ya bi ni har Kano, don yayata sai da ta bugo waya tana tambaya wai da gaske ne Bature ya rungume ni yana kuka. Saude kuwa ta yi kwanaki daga abinci sai gaisuwa. Ranar da na san an fara hucewa ita ce ranar da na dawo na tarar ta wanke hoton rungumar, ta sa a firam, ta rataye a saman talabijin. Yana nan har yau, ba ni da bakin cewa a sauke.

Na zauna na kalli shirin a gefenta, daga faifan farko har na ƙarshe, har da wanda ya taɓa kwana a bayan firij. (Mutumin ya iya wasa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Har yanzu dai ina ganin kwat ɗin ta yi masa yawa.)

Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa mutum faɗa, ka fara zagayawa ka ga fuskarsa. In kuma matarka ta ce zo ka ga wani abu, tashi ka je, don wataƙila ba talabijin take nuna maka ba. Yanzu in Saude ta fara magana sai in kife waya in juyo gaba ɗaya, har da kujera. Wani lokaci takan tsaya a tsakiyar zance ta dube ni, tana danne dariya, ta ce, "Sannu, Sufeto." Kishin bai gama fita ba, amma ina amsawa.